Tawul a Bayan Auta

Kuma kar wani ya ɗaga min hanci ya ce shi bai yarda da pasma ba, don na san ƙarya ne. Ku tuna ranar da kuka gama guga, hannu na tiriri, kuka nufi famfo. Wa ya daka muku tsawa daga cikin ɗaki? Uwarku. Kun tsaya ko ba ku tsaya ba? Kun tsaya. To shi ke nan. Kowa a nan lardinmu na Cavite ya san in hannu ya sha zafi aka tsoma shi a ruwan sanyi jijiya ce za ta ɗauka, daga nan sai gumi a tafin hannu, sai rawa, har cokali ya gagare ka kaiwa baki. Ita ce pasma. Ni ban yi wani dogon karatu ba, amma wannan ko daga barci aka tashe ni zan faɗa.

Aling Idad kuwa, wato Inna Idad, ba sanin pasma kawai ta yi ba, a kanta ta gina rayuwarta gaba ɗaya.

Natividad ne sunanta na gaskiya, amma in ban da fada a coci ba mai kiranta haka. A Rosario aka haife ta, bakin ruwa, gidan masu kyafa kifi. Uwarta wuni take gaban hayaƙi tana juya kifi, in ta tashi sai ta naɗe hannuwanta a tsumma ta zauna kamar wadda ta yi ƙunshi, ko wuta ce ta kama gidan ba za ta taɓa bokiti ba. Idad ta taso ta gaji wannan. Ta yi guga a kamfanin riguna, ta yi aikin dalma a kamfanin rediyo, sannan ta zo nan wurinmu. Duk aikin da ta taɓa yi a duniya na zafi ne. Ni dai ina zargin da gangan take zaɓa.

Don ku ji: washegarin bikinta, bayan an ci abinci, ta buɗe wa angonta tafin hannu ta ce, "Da zafi." Mang Ambo, wato Baba Ambo, mai tuƙa keke mai ƙafa uku, mutumin kirki mara hayaniya, ya tashi ya wanke kwanuka. Shekara da shekaru bawan Allahn nan bai zauna ba. 'Ya'ya sun zo sun girma sun tafi, jikoki sun zo, yana nan gaban kwanuka. Ranar Lahadi ma da ba a zuwa aiki, in ya ɗan yi tari ya kalli tukwane, sai ta ce zafin Asabar bai gama fita ba.

Mu a kamfaninmu waya muke haɗawa. Ba wayar fanka ko ta firji ba, ta tashoshin lantarki na nukiliya ce, can ƙasashen waje ake kai ta. Kuma ba don ranar lafiya ake yin ta ba. Don ranar da Allah ya kiyaye bututu zai fashe, tururi ya cika ɗakin, zafi da matsi da hasken nan mai guba da ido ba ya gani su haɗu, ranar da ba ɗan Adam ɗin da zai iya leƙawa ciki. Ranar, wayar nan ce za ta kai wuta ga injin da ke tura ruwan sanyaya, ita ce kuma za ta gaya wa na waje abin da ke faruwa ciki. In ta mutu a ranar, to gari guda ne zai kwashi yara ya gudu. Kuma waya ba ta cika mutuwa a tsakiya ba, a mahaɗi take mutuwa, inda aka gama wannan da waccan. Mahaɗin nan shi ne aikin Aling Idad.

Sai ta feɗe bakin waya, ta matse biyun da ƙarfe, ta zura musu rigar roba, sannan ta ɗauki abin hura zafi, kamar dirayar gyaran gashi amma ya fi ta mugunta, mu dai bindiga muke ce masa. Daga tsakiya take farawa tana juyawa zuwa baki, robar tana tsukewa tana tsukewa har ta tofo ɗan jan danƙo a gefe. Ko iska kamar ƙwayar shinkafa ba a so ta rage a ciki. In ta gama sai ta ɗaga shi sama ta ce wa duk layin, "Ku kalla ku koya, 'yan banza." Mu kuma mu ce, "To Nanay," wato Mama, mu ci gaba da hirarmu.

Bara aka canja irin robar. In aka canja ko da launin abu ne a sana'ar nan, sai an sake gwaji daga farko, a azabtar da samfuri har a tabbatar zai ɗauki ranar hatsari. Injiniya Baluyot, shugaban ɗakin gwaji, ɗan siriri mai tabarau wanda har yau a gidan uwarsa yake kwana, ya zo ya tsaya gefen bencinta ya ce, "Aling Idad, ke za ki yi mana ɗaya." Ta yi kamar ba ta ji daɗi ba. Ta haɗa shi, ta shafa shi, ta raɗa masa suna Auta.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba, hannunta na dama ya fara rawa. Kaɗan-kaɗan, sai in ta ɗauki kofi. Ita a ganinta ta ɓoye. Mu kuwa duk mun sani, don in tana shan gahawa kofin da faranti sai su yi ta ƙaraurawa kamar an zo tallar askirim. 'Yarta Jovy da ke aure can Quezon ita ma ta gani da ta zo Kirsimeti, tun daga nan ta share mata ɗaki, kullum waya: "Nanay, ki bar aikin nan ki zo ki huta, ga agwagina ma ba mai duba min su." Idad kuwa ta tsani agwagwa. Ta ce tsuntsun da ke tafiya kamar mai ciwon basir ba abin zama da shi ba ne.

Aka fara da tanda. Wai sai an tsufar da Auta tukuna, don hatsari ba lallai ya zo waya na sabuwa ba, yana iya jira sai ta tsufa. Aka rufe shi cikin zafi makonni, Injiniya ya ce in ya fito daidai yake da wanda ya yi shekara sittin yana aiki. Da aka fito da shi sai Choleng, maƙwabciyar bencinta, ƙawarta kuma abokiyar faɗanta tun suna guga tare, ta leƙo ta ce, "Ke Idad, ai yanzu ya girme ki. Ɗauki hannunsa ki kai goshi, ki ce Kaka a sa min albarka."

"Ke ma ya girme ki, amma ya fi ki santsin fata," in ji Idad.

Daga nan aka sa shi a akwati aka kai shi wata ƙasa a jirgin sama, aka haska masa hasken nan mai guba. Idad ba ta taɓa hawa jirgi ba. Ta yi ta gaya wa masu kayan miya a kasuwa cewa autanta yana waje. Wata ma har ta tambaye ta ko yana da aure.

Da ya dawo sai tebur mai girgiza, na kwaikwayon girgizar ƙasa. Ranar aka bar mu muka tsaya bayan gilashi. Aka ɗaure Auta, aka kunna, tebur ya kama karkarwa kamar mai zazzaɓi. Kowa ya zuba ido. Sai Choleng, wadda bakinta bai da birki, ta ce, "Ayya, gado ya yi. Kalli rawa, sak uwarsa."

Dariya ta kuɓuce mana. Wallahi ba mu so ba, amma ta kuɓuce. Idad ta juyo a hankali, kunnuwanta sun yi ja.

"Ke kika ja min, Choleng. Ke kika miƙo min lemo mai sanyi ranar nan ina ajiye bindiga."

"Na miƙo, na ce ki karɓa?"

"Kin san ba na iya ƙin na kyauta."

Aka ƙara fashewa. Sai ta ɗaga hannun nan na dama sama, yana ɗan kaɗawa kowa na gani, ta ce, "To ku shaida, har kai Injiniya. Da hannun nan na haɗa Auta, yana rawar na haɗa shi. In ya shiga tukunyar gwaji fitilar da ke nuna yana da rai ta mutu, na ajiye bindiga, na tafi Quezon kiwon agwagwa. In ba ta mutu ba kuwa, duk wadda ta sake ambatar hannuna sai na tsuke mata baki da roba."

Injiniya ya gyara tabarau ya ce, "Na ji, Aling Idad." Bai yi dariya ba. Daga nan muka gane shi ma ya sani, kuma shi ma amsar yake jira.

Tukunya ita ce ta ƙarshe, ita ce kuma uwar azaba. Ƙaton ƙarfe ne kwance kamar tankar ruwa, murfinta da kusoshi kamar damtsena. Ana sa samfuri ciki, a ja wayoyinsa waje a ba shi wuta, a rufe. Injiniya yana da na'urorinsa masu allura da masu zana layi, amma don mu da ba mu iya karanta su ba sai ya kafa allo da ƙwan fitila, kowane samfuri da nasa. Na Auta ne na ƙarshe daga dama. In yana ci, Auta na da rai.

Ana gobe za a rufe, Idad ta tare Injiniya a wurin cin abinci, yana tsaka da shinkafa da soyayyen kifi.

"Ɗana, gaya min tsakani da Allah, me za ku yi masa a ciki?"

"Tururi za mu sako masa a lokaci ɗaya, Aling Idad. Zafin ya wuce na tafasasshen ruwa nesa ba kusa ba, ga matsi."

"Wannan ba komai, zafi gidanmu ne. Sai me?"

"In ya kai ƙarshen zafin, sai mu feso masa ruwan magani daga sama, kamar yadda tashar za ta yi da kanta ranar hatsari."

Ta ajiye cokali. "Ruwan ɗumi dai ko?"

"A'a. In aka gwada da zafin ciki, sanyi ne."

"Yana cikin gumi?"

"Waya ba ta gumi, Aling Idad."

"Kai Crisanto." In ta kira shi da sunan yanka, to magana ta ɓaci. "Uwarka ta san aikin da kake yi a nan? Ka gasa yaro, ka haska masa guba, ka girgiza shi, duk ban ce komai ba. Yanzu kuma da hankalinka za ka ɗauki abu yana tiriri ka sheƙa masa ruwan sanyi? Ai wannan ba gwaji ba ne, pasma ce kake haɗa masa da hannunka. Ku bari ya huce mana, ko ɗan lokacin shan gahawa ne."

"Hatsari ba ya shan gahawa," in ji shi, ya ci gaba da cire ƙayar kifi.

Ta koma benci. Abin da ke cin ta, ba ta tsoron a ce hannunta ya gaza in da gaskiya ya gaza. Amma a ce Auta ya mutu saboda ganganci irin na 'yan boko, ita kuma ta ƙare a cikin kashin agwagwa a kan laifin da ba nata ba, wannan ne ta kasa haɗiyewa.

Washegari da hantsi aka jera samfura a cikin tukunya, aka ja wayoyi, saura rufewa. Masu sayen wayarmu sun turo baƙo ya shaida, wani dogon Bature mai jan wuya da ba ya murmushi. Ƙararrawar ciye-ciye ta kaɗa, kowa ya fita, don a ƙasar nan ko me ake yi in lokacin ayaba soyayya ya yi an tafi. Idad ta ce ta manta laimarta, ta koma ciki. Ba a yi ruwa ba ranar.

Da aka dawo, baƙon ya ce bari ya yi duban ƙarshe. Ya sunkuya ya zura kai cikin tukunya. Sai muka ji atishawa. Ta biyu. Ta uku har da amsa-kuwwa, tukunya ta ɗauka ta maimaita. Ya fito da kai, hancinsa fari fat, ya zaro alƙalami daga aljihu, ya sake zurawa, ya ɗago wani abu a bakin alƙalamin kamar ya kamo ɓera.

Ɗan tawul ne, fari mai bakin shuɗi, irin wanda ake cusa wa yara a baya in sun yi gumi. An naɗe shi tsaf a bayan Auta, tsakaninsa da ƙarfe, an barbaɗe shi da hodar jarirai. Ƙamshi ya cika ɗakin gwaji.

Baƙon ya tambayi Injiniya da Turanci, a natse, wai wannan wane irin kaya ne, don bai gan shi a zanen ba.

Choleng ta zame ta zauna a ƙasa. Ni na cusa hular aiki a baki. Wata a bayana tana cewa a taimake ta fitsari zai zubo. Idad kuwa tana tsaye ƙyam, tana kallon rufi kamar ranar ta fara ganinsa.

"Aling Idad," in ji Injiniya.

"Tawul ne kawai."

"Na ga tawul ne."

"Bai taɓa wayar wuta ba, na kula. Don dai ya tsotse gumin kafin ruwan ya sauko."

Injiniya ya cire tabarau ya murza ido. Mun zaci zai yi faɗa, sai muka ji muryarsa ta yi ƙasa. "Nanay, ranar da abin zai faru da gaske, kina Cavite kina barci, ko kina Quezon, ko mun mutu duka. Wa zai shiga ya sa masa tawul? Ba shi kaɗai ba ne, 'yan'uwansa dubbai za su tafi, duk daga hannunku. In ya tsira da tawul ban san komai ba. So nake in san ko zai tsira ba kowa a kusa da shi."

Maganar ta shige ta, mun gani a fuskarta. Shi kuma ya sunkuya zai duba ko hoda ta shiga wani wuri, rigarsa ta ɗage, sai ga bakin tawul fari yana leƙowa daga wuyan rigarsa ta baya. Da hoda.

Choleng daga ƙasa ta nuna da yatsa, ta kasa magana, hawaye kawai.

"Mama ce," in ji Injiniya, bai ko juyo ba. "Ba na son gardama da safe."

Baƙon ya kalli tawul ɗin da ke bakin alƙalaminsa, ya kalli na wuyan Injiniya, ya kalle mu muna birgima. Ina jin har ya koma ƙasarsu bai gane ba. Ya ɗauki hoto, aka goge Auta tas, aka gwada shi aka ga ba abin da ya canja. Baƙon ya yarda a ci gaba, amma ya ce in ya faɗi ya faɗi, ba wanda zai zo ya ce hoda ce. Injiniya ya miƙa wa Idad tawul ɗinta. Ta karɓa, ta leƙa cikin tukunya ta ce a hankali, "To Auta, ka ji dai. Kai kaɗai ne." Aka rufe, aka ɗaure kusoshi.

Da aka saki tururi sai da ƙasa ta amsa. Ƙara kamar jirgin ƙasa ya shigo ɗaki, allurai suka yi tsalle, tukunya tana ƙas-ƙas. Fitila na ci. Idad ta murɗe tawul a hannu tana ta jan addu'a, ta kira waliyyan da ta sani, da suka ƙare ta shiga kiran sunan uwarta. Can Injiniya ya ɗaga yatsa ya ce, "Ruwa." Ta rufe ido. Muka ji shaaa daga ciki.

"Choleng, duba min."

"Tana ci."

"Kar ki yi min ƙarya."

"In zan yi miki ƙarya ai cewa zan yi ta mutu, in gaji bencinki mai fanka."

Ta buɗe ido ɗaya. Tana ci.

Amma ba a gama ba, don bayan hatsari ma sai waya ta yi makonni tana aiki cikin zafi da jiƙa. Aka bar tukunya a rufe. Kullum da safe sai mu biya ta gaban allo mu ce, "Auta, an tashi lafiya?" Masu shara ma suna gaishe shi. Idad ta fara tafiya tana kaɗa kafaɗa, ta daina ɗaga wayar Jovy.

Ran nan da safe muka shigo, fitilar ƙarshe daga dama ta yi baƙi.

Ba wanda ya yi dariya. Idad ta tsaya gaban allon da jakarta a kafaɗa, ta daɗe. Sannan ta wuce benci, ta naɗe wayar bindigarta a hankali, ta sa a aljihun tebur, ta ɗauki kofinta da ɗan hoton jikokinta. Ta ce, "Na faɗa a gaban mutane. Ke Choleng, ga fanka nan, ki riƙa goge ta."

"Wa ke son tsohuwar fankarki," in ji Choleng. Ta miƙe da gudu, mace mai jiki irin nata, silifa ɗaya ya tsaya a hanya, ta je ta kamo Injiniya daga bakin ƙofa tun bai ajiye jaka ba. Ya zo ya duba allurai, ya duba layin da na'ura ta zana tun jiya. Ya ƙwanƙwasa ƙwan fitilar da farce.

"Auta lafiyarsa lau. Wuta ba ta yanke ba ko sau ɗaya. Ƙwan ne ya ƙone, na kasuwa ne."

Mu duk mun gwada tururi da guba da girgizar ƙasa, ashe abin da zai kashe mu ƙwan fitilar bakin titi ne. Aka rasa wani a kusa. Choleng ta hau kujera ta kwance ɗan jan ƙwan da ke gaban gunkin waliyyin layinmu, ta ce masa ya yi haƙuri aro ne. Injiniya ya ɗaura. Ja ya kama.

Choleng ta share hanci ta ce, "Amma fa fitila kika ce, Idad. Fitila kuwa ta mutu. Agwagi na jira."

"Zo nan in gwada sabuwar roba a bakinki."

Ranar da aka buɗe tukunya, Auta ya fito baƙi, ya yamutse, ya yi ɓawo. Idad ta kalle shi ta ce sak kifin uwarta. Aka tsoma shi a ruwa aka ba shi wuta mai ƙarfi, ya riƙe. Tana shirin ɗaukarsa ta kai gida ta sa a kabad, sai Injiniya ya ɗauko wuƙa ya tsaga shi daga sama har ƙasa.

"Crisanto, ya ci jarrabawa ka yanka shi?"

"Sai na ga cikinsa, Nanay."

Ya buɗe. A bushe ƙayau, ƙarfen na ƙyalli kamar ranar da ta matse shi, ba ɗigon ruwa, ba gurbin iska. Ya nuna mata. Ya ce benci nata ne, aikinta za a ci gaba da dubawa kamar na kowa, amma ta je likitan kamfani ya ga hannun, ta kuma rage gahawa. Ta ce wurin likita za ta je. Gahawa kuwa ya je ya gaya wa uwarsa.

Ranar Juma'a da yamma aka yi walima a bayan kamfani. Taliya, kaza, na'urar waƙa, da ƙaton baho cike da ƙanƙara da lemo. Mang Ambo ne ya kawo taliyar a kekensa, ya samu gefe ya zauna da farantinsa. Idad ta fito kai tsaye daga benci, ko minti ba ta yi da ajiye bindiga ba, kanta na hayaƙin nasara. Ta karɓe abin magana daga hannun mai waƙa ta ce, "Ɗana ya sha zafi ya sha sanyi bai yi pasma ba. Ni na haife shi. Ku matsa."

Kafin mu gane me take nufi ta naɗe hannun riga ta zurma hannu biyu cikin bahon ƙanƙara har gwiwar hannu.

Wata tsohuwa mai shara ta yi alamar gicciye. Choleng ta rufe fuska. Idad ta tsaya a haka tana cije haƙora, sannan ta zaro su ta ɗaga sama, ruwa na ɗiga. Muka matso muna kallo. Na dama yana rawa, daidai yadda yake yi jiya da shekaranjiya, bai ƙaru ba bai ragu ba. Na hagu ko gezau.

Wuri ya kaure da tafi. Tana juyi tana nuna hannu kamar 'yar dambe, sai ta yi ido biyu da Mang Ambo. Ya ajiye cokali. Ya tashi a hankali, ya je wurin famfo, ya ɗauko soso da sabulu, ya zo ya ɗora mata a tafin hannun nan mai sanyi, ya koma ya zauna, ya miƙe ƙafa. Tunda nake ban taɓa ganin mutum ya miƙe ƙafa da daɗi haka ba.

"Ambo, hannuna rawa yake, zan fasa maka faranti."

"Na roba ne," in ji shi.

Tana nan a bencinta har yau, tana zagin mu, agwagi kuma Jovy ta samu mai duba mata. Kwanuka dai an raba, ita safe shi dare, kuma kullum sai ta ce an cuce ta. Amma abin da nake so ku sani, a walimar nan mun ja Injiniya Baluyot har bakin baho, shi da ya wuni yana taɓa tukunya mai zafi, shi da ya ce waya ba ta gumi, muka ce saura kai. Ya sa hannu biyu a aljihu ya ce shi ai ba a gwada shi ba.

To ku da kuke ta dariya tun ɗazu, in kun gama guga yau, za ku tsoma?